In Ka Je Gran Kanariya, Ka Sauka A Birni

Ya 'yan'uwa malamai da ɗalibai, ina so in tsoma baki cikin wata magana wadda wataƙila waɗansu za su ce ba ta shafe mu ba, tun da ya ke albashin malami bai kai ga yawon duniya ba. Gaskiya ne, bai kai ba. Amma fa daga cikin waɗanda ke zaune kan bencin wannan kwaleji yau akwai waɗanda za a aika kwas ƙasashen waje, akwai waɗanda taro zai kai, akwai kuma waɗanda za su shekara goma suna tari don su fita sau ɗaya tak su ga duniya. To, mai fita sau ɗaya shi ya fi kowa bukatar sanin inda zai sa ƙafa. Wanda ma ba za shi ko'ina ba, ai zai tsaya gaban allo ya koyar da labarin ƙasa, ya kuwa kamata ya san abin da ke bayan ɗan ɗigon nan da ya ke nuna wa yara da tsinke a taswira.

Ɗigon da na ke nufi shi ne tsibirin Gran Kanariya, ɗaya daga cikin Tsibiran Kanari, cikin Tekun Atlantika, yamma da kudancin Maroko. Ƙasar Sifen ke mulkinsa, ko da ya ke tsakaninsa da Sifen ɗin ya fi kilomita 1,000, tsakaninsa da gaɓar Afirka kuwa bai kai 250 ba. Dutse mai aman wuta ne ya fito da shi daga ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 14 da suka wuce. Babban birninsa shi ne Las Palmas, yana can ƙuryar arewa maso gabas, mutanensa sun kai wajen 380,000. Kada a rikita shi da La Palma. Wannan wani tsibiri ne dabam can yamma, shi ne wanda dutsensa ya yi kwana 85 yana aman wuta a 2021, daga Satumba zuwa Disamba, har narkakken dutse ya binne gidaje masu yawa.

Baƙi fiye da miliyan 4 ke zuwa Gran Kanariya kowace shekara, in ban da lokacin annobar korona, galibinsu daga Ingila da Jamus da ƙasashen arewacin Turai. Da sun sauka filin jirgin sama na Gando, wanda ke kimanin kilomita 20 kudu da birnin, sai yawancinsu su ba birnin baya, su miƙe kudu zuwa Maspalomas da maƙwabtanta, su shige otal, su kwanta cikin rana mako ɗaya ko biyu, su koma gida sun yi ja wur. Masu shirya wa mutane tafiya kuma can za su tura ka in ka bar musu zaɓi. Ni ra'ayina shi ne, ɗan ƙasarmu, balle malami, in ya bi su ya yi asarar kuɗinsa. A birni ya kamata ya sauka.

Ban ce Turawan nan wawaye ne ba. Suna da dalilinsu, dalilin kuwa darasi ne na labarin ƙasa. Tsibirin kamar faifai ya ke, da tudu a tsakiya wanda ya tashi kusan mita 1,950. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas, ta bi ta kan teku ta kwaso laima, da ta ci karo da tudun sai ta sauke gizagizanta a arewa. Kudu kuwa ta samu iskar a bushe. Saboda haka arewa kore ce, kudu kuwa ƙeƙasasshiya, rana kullum. Da bazararsu ma akan sami wani girgije fari-fari ya yi wa Las Palmas rumfa kwana da kwanaki, mutanen garin suna ce masa tumbin jaki. Mutumin da ya fito daga ƙasar da rana ke faɗuwa da ƙarfe huɗu na yamma cikin hunturu, in ya biya kuɗi don ya sha rana, ba ya son ganin tumbin jaki. Wannan daidai ne.

To, mu fa? Rana muka rasa? Haba! Mutum ya tashi daga ƙasar da a ke neman gindin bishiya tun da hantsi, ya biya kuɗin biza da na jirgi, ya je ya kwanta cikin rana, ai kamar mutumin Bilma ne ya yi tattaki zuwa Kano sayen gishiri. Abin da a ke taƙama da shi a Maspalomas tuddan rairayi ne, har da raƙuma da a ke ɗora baƙi a kai su zaga, a ɗauki hoto, su biya. Ku duba fa, raƙumi! Kafin 1960 wajen nan duk gonakin tumatir ne da fako. An gina garin ne musamman domin baƙi, saboda haka abin da baƙo zai gani can shi ne 'yan'uwansa baƙi, abin da zai ci kuwa abincin ƙasarsu ne aka biyo su da shi. Girgijen nan da Bature ke gudu, a wurinmu ni'ima ce. Zafin Las Palmas da wuya ya wuce digiri 30, da wuya kuma sanyi ya kai na hunturun Jos.

Yanzu bari mu shiga birnin mu ga abin da mai wucewa kudu ya bari.

A fara da tsohuwar unguwa, Vegueta. Nan ne wani kwamandan Sifen mai suna Juan Rejón ya kafa sansani ran 24 ga Yuni, 1478, a bakin wani kwari mai itatuwan dabino, daga nan sunan garin ya samo asali. Shekara biyar suka yi suna yaƙi da mutanen tsibirin kafin su ci su a 1483. Titunan unguwar ƙanana ne, an shimfiɗe su da baƙin dutse, gidajen kuma masu tsakar gida ne da barandar katako, duk wanda ya san tsarin gidan da ya juya wa titi baya ya buɗe cikinsa ga iyali ba zai ji baƙunta ba. A tsakiya akwai dandalin Santa Ana da babbar majami'ar da aka soma ginawa wajen 1500, ba a gama ba sai bayan kusan shekara 400. Ana hawa hasumiyarta a ga birnin duka da tashar jiragen ruwa. A bakin dandalin akwai mutum-mutumin karnuka na ƙarfe guda 8. Dalilinsu kuwa, wani marubucin Rumawa, Pliny, ya rubuta cewa mutanen da Sarki Juba na Biyu ya aika daga arewacin Afirka sun tarar da manyan karnuka a tsibirin, kuma daga kalmar kare a Latin aka sami sunan Kanariya. Ashe kanarin nan da mu ke sa wa a keji shi ya ari sunan tsibiran, ba su suka ari nasa ba. Wannan kaɗai ya isa buɗe darasi a aji uku.

Bayan majami'ar akwai gidan da a ke kira Gidan Kolumbus. Asalinsa gidan gwamna ne. A 1492, sa'ad da Kolumbus ya nufi yamma, ɗaya daga cikin jiragensa uku, Pinta, ya sami matsala, aka tsaya Gran Kanariya aka gyara. Yanzu gidan ya zama gidan tarihi, da taswirori irin na da, da kwaikwayon ɗakin jirgi. Abin da na fi so malami ya lura da shi a nan ba Kolumbus ba ne, rake ne. Da aka ci tsibirin sai aka dasa rake, aka kafa matsu, aka sa bayi aiki, waɗansu daga mutanen tsibirin, da yawa kuma daga gaɓar Afirka. Daga tsibiran nan Kolumbus ya ɗauki irin rake zuwa Amurka a tafiyarsa ta biyu, 1493. Watau abin nan da ya cinye miliyoyin baƙar fata a gonakin Amurka, a irin waɗannan tsibirai aka fara gwada shi. Mu kan koyar da cinikin bayi kamar daga Badagiri sai Jamaika. Akwai zango a tsakani, ga shi kuwa ana iya tsayawa cikinsa.

Amma gidan da ya fi kowanne daraja a ganina shi ne Museo Canario, 'yan taku kaɗan daga nan, wanda aka kafa a 1879. Nan aka tara kayan mutanen farko na tsibirin. Su wane ne su? Binciken harshe da na jini ya tabbatar daga arewacin Afirka suka fito, dangin Berber ne, watau 'yan'uwan Buzaye na nesa. Sun ƙetaro a ƙarnonin farko bayan haihuwar Annabi Isa, kafin zuwan Musulunci, suka zauna can a yanke fiye da shekara 1,000. Sun bar rubutu a jikin duwatsu, wanda duk mai sanin tifinar na Azbinawa in ya gani zai ce ya ga dangi. Suna kiwon awaki da tumaki, suna noman sha'ir da alkama, suna da ɓaure, suna haƙa rumbuna cikin dutse. Ba su da ƙarfe ko kaɗan, don ƙasar aman wuta ba ta da tama, sai suka yi wuƙaƙe da wani baƙin dutse mai ƙyalli kamar kwalba. Tukwanensu na hannu ne, da jan zane. Manyansu in sun mutu akan busar da gawar a naɗe cikin fatun awaki da tabarmi, ga su nan cikin gilashi, ga kuma ƙoƙunan kai ɗaruruwa jere kan kanta. Ni dai wannan jeri bai kwanta mini ba, don mamaci ya cancanci a rufa masa asiri ko wane ne shi. Amma ba shi yiwuwa mutum ya fito daga gidan nan bai yi tunani ba: ga mutanen Afirka da suka riƙe ƙasarsu shekara 1,000, cikin shekara biyar aka karɓe, cikin 'yan ƙarnoni harshensu ya mutu, sai sunayen garuruwa irin su Telde da Gáldar suka rage. Mai koyar da harshen uwa, wanda yara ke tambayarsa amfanin koyonsa, ya je ya gani.

Abu ɗaya nasu da bai mutu ba shi ne abinci. Har yau mutanen Kanari suna cin gofio, watau garin hatsin da aka soya kafin a niƙa. Da na sha'ir ne, yanzu a Gran Kanariya galibi na masara ne. Ana dama shi da madara da safe, ana tuƙa shi da romon kifi, ana kuma cuɗa shi da zuma a dunƙula. A kasuwar Vegueta za ka same shi, tare da ayaba da gwanda da mangwaro da cuku na nonon akuya. Ka nemi kuma ƙananan dankalin nan da a ke dafawa da gishiri mai yawa har bayansu ya yamutse, a ci da wani yaji mai ruwa da su ke kira mojo. Musulmi ya yi hattara, naman alade da giya suna shiga girkinsu da yawa, sai a tambaya. Kifi dai ga shi nan a wadace. A wajen unguwannin tashar jirgi kuma akwai 'yan Maroko da Muritaniya da Senegal da suka daɗe da zama, da mahautansu da wuraren sallarsu. Wannan ma wani dalili ne na sauka a birni.

Daga Vegueta sai a bi ta Triana, unguwar 'yan kasuwa, inda gidan da aka haifi babban marubucinsu Benito Pérez Galdós a 1843 ya ke, a hau bas ɗin gari, wanda su ke kira guagua, a nufi arewa wajen tashar jiragen ruwa. A nan ne labarin birnin ya haɗu da namu sosai.

An soma gina tashar, Puerto de la Luz, a 1883. A zamanin nan jiragen ruwa da kwal su ke tafiya, jirgin da ya taso daga Ingila zuwa Afirka ta Yamma kuwa dole ya tsaya wani wuri ya ƙara. Sai Alfred Jones, mai kamfanin Elder Dempster na Liverpool, ya kafa ma'ajiyar kwal a Las Palmas. Don kada jiragensa su koma da sarari, ya zuga manoman tsibirin su dasa ayaba, ya riƙa kai wa Ingila. Shi dai wannan Jones shi ya kafa Bankin Afirka ta Yamma a 1894, wanda ya rikiɗa ya zama First Bank. Har yau akwai titi mai sunansa kusa da tashar, tsohon ginin kamfaninsa kuma a dandalin Santa Catalina ya zama gidan nuna kimiyya, ana kiransa Museo Elder, malamin kimiyya zai so ya yini a ciki. Jiragen fasinjan kamfanin, Accra da Apapa da Aureol, su ne ke ɗaukar ɗalibanmu da ma'aikatanmu daga Ikko zuwa Ingila, tafiyar wajen mako biyu, suna yada zango a Las Palmas, har aka daina a 1974. Da yawa daga cikin malaman da suka koyar da malamanmu, nan suka fara taka ƙasar da Turawa ke zaune a matsayin talakawa, suka ga Bature na dako, Bature na tallan kaya a bakin jirgi. Ba ƙaramin ilmi ba ne wannan a zamanin mulkin mallaka.

Har wa yau a tashar nan ne, cikin Nuwamba 2022, aka ga waɗansu 'yan Nijeriya uku zaune kan allon ƙarfen nan na bayan jirgi mai juya akalarsa, ƙafafunsu na reto dab da ruwa. Kwana 11 suka yi a haka daga Ikko, a jikin wani jirgin dakon mai. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka iso Tsibiran Kanari cikin kwale-kwale daga gaɓar Afirka, ban da dubban da teku ta ci. Hanyar da kakanni suka bi da tikiti da akwati, jikoki na bin ta a maƙale. Mai kwance a otal ɗin kudu ana iya ɓoye masa wannan. Mai zama birni zai gamu da yaran a dandali, ya gaisa da su, ya ji daga bakinsu, ya komo ya gaya wa 'yan ajinsa da ke mafarkin Turai abin da ya ji. Gani ya kori ji.

Wanda kuma ya ce shi fa lalle sai ya taɓa teku, to, bai yi asara ba. Birnin ya miƙe ne kan wani siririn wuya na rairayi wanda ya haɗa shi da La Isleta, wani gungun tsofaffin duwatsun aman wuta. Gabas da wuyan tasha ce, yamma kuwa Las Canteras, bakin teku mai tsawon kilomita 3, da wani shingen dutse na halitta a cikin ruwa mai karya ƙarfin igiya. Nan mutanen gari ke fitowa da yamma da tsofaffinsu da jariransu.

Saura dutsen kansa. Kusa da birnin, ta hanyar Tafira, akwai Bandama, bas na zuwa. Wani rami ne gangariya, faɗinsa wajen mita 1,000, zurfinsa wajen 200, wanda ya samu sa'ad da dutse ya fashe kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Shi ne aman wuta na ƙarshe da aka sani a tsibirin. Sunan na wani ɗan kasuwa ne, Daniel Van Damme, wanda ya dasa inabi a wurin a ƙarni na 16. Ana zaga bakinsa da ƙafa, ana kuma gangarawa ƙasa, inda kangon gidan gona ya ke. Ƙasar wurin baƙar tsakuwa ce mara nauyi mai huji-huji, tana zamewa ƙarƙashin takalmi, a tafi da mai kyau. Manoma suna son tsakuwar nan don tana tsare laima a gindin shuka. Wanda ya san tuddan Panyam ko Tafkin Tila na Biu zai gane danginsu nan take, sai dai namu ciyawa da shekaru sun rufe su, wannan kuwa a buɗe ya ke kamar an yanka don a nuna wa ɗalibai. A hanyar komowa a tsaya lambun Viera y Clavijo, wanda aka kafa a 1952 don tara itatuwan da ba su fitowa ko'ina sai tsibiran nan. A lura kuma da maganar ruwa: tsibirin ba shi da kogi ko ɗaya mai gudu shekara duka, da madatsun ruwa fiye da 60 da kuma ruwan teku da a ke cire wa gishiri a ke rayuwa. In an yi sa'a, ko rashin sa'a, za a ga ƙurar Sahara ta rufe gari, su suna ce mata calima, mu kuwa mun san hazo tun muna goye. Ta Fabrairu 2020 har filayen jirgin sama ta sa aka rufe.

Akwai magana guda mai nauyi da za a iya yi mini, ba kuwa zan kauce mata ba. Za a ce, kai mai tura baƙi birni, ka san mutanen birnin suna kuka da baƙi? Na sani. Ran 20 ga Afrilu, 2024, dubban mutane suka fito tituna a tsibiran, har da Las Palmas, suna cewa abin ya yi yawa. Babban kukansu gidaje ne. Mai gida ya ga in ya ba baƙo haya na kwana bakwai zai sami abin da ɗan gari zai biya a wata, sai ya sallami ɗan gari. Malaminsu na firamare, mai albashi kamar kowane malami, ya rasa ɗakin da zai iya biya kusa da makarantarsa. Wannan kuka gaskiya ne, kuma wanda ya kama irin wannan gida ya sa hannu cikin korar. Amma maganinsa ba gudu kudu ba ne, don can ma ma'aikatan otal ɗin daga nesa su ke zuwa saboda tsadar haya. Abin yi shi ne a sauka a otal ko ƙaramin masauki mai rajista, irin waɗanda aka gina tun asali domin baƙi. Suna da yawa tsakanin Santa Catalina da Las Canteras, akwai kuma 'yan kaɗan a Triana da Vegueta ga mai son shiru. Otal ɗin Santa Catalina da aka buɗe a 1890 na masu hali ne, a shiga lambunsa dai a kalla.

Kwana huɗu ko biyar sun isa: ɗaya ga Vegueta, ɗaya ga tasha da bakin teku, ɗaya ga Bandama, ɗaya kuma a hau bas zuwa Gáldar a ga kogon nan mai zane na mutanen farko. In kwana ya ragu, kuma zuciya ta nace sai ta ga rairayin Maspalomas, tafiyar kamar sa'a guda ce a bas, a je da safe a komo da la'asar. A guji lokacin bikinsu na Kanibal, wajen Fabrairu, don masauki kan yi tsada, barci kuma ya gagara. A koyi gaisuwa da ƙirga da Sifananci kafin a tashi, don a birni ba kowa ke jin Turanci ba. A tafi da littafin rubutu da abin ɗaukar hoto, amma kada a ciko aljihu da tsakuwar Bandama don a nuna wa yara, wurin yana ƙarƙashin dokar kariya, an hana ɗiba.